Brooklyn Dodgers a 1947: Kakar da aka karya shingen wariya a wasan besbol

A ranar 15 ga watan Afrilun 1947 ne ƙungiyar Brooklyn Dodgers ta birnin New York ta fito da wani ɗan wasa baƙar fata mai suna Jackie Robinson a filinta na Ebbets Field, inda ta doke Boston Braves da ci 5 da 3.

Shi ne baƙar fata na farko da ya buga a manyan gasannin besbol na Amurka tun cikin shekarun 1880. Kafin lokacin, baƙaƙen fata na da tasu gasar daban.

Yadda wasan yake

Kowane ɓangare na da 'yan wasa tara. Ɗaya ya jefo ƙwallo, abokin hamayya ya maka ta da sanda, sannan ya ruga ya kewaye tashoshi huɗu. Duk wanda ya kammala kewayen ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya.

Sharaɗin haƙuri

Shugaban ƙungiyar, Branch Rickey, shi ne ya ɗauki Robinson a 1945, bisa sharaɗin cewa ba zai rama zagi ko cin mutunci ba. Ya fara tura shi ƙaramar ƙungiyar Montreal Royals da ke Kanada, inda ya yi kakar 1946.

Robinson dai ba baƙon tsangwama ba ne. A 1944, yana hafsan soja, an gurfanar da shi gaban kotun soja bayan ya ƙi komawa kujerar baya a cikin motar safa, amma aka wanke shi.

Tun kafin a fara kakar 1947 wasu 'yan wasan Dodgers suka nemi haɗa takardar ƙin amincewa da shi, sai dai mai horar da su, Leo Durocher, ya taka musu birki. Kwanaki kaɗan kafin wasan farko kuma aka dakatar da Durocher na tsawon kakar saboda wasu dalilai daban, daga baya Burt Shotton ya karɓi ragama.

A filin wasa Robinson ya sha zagi, musamman daga mai horar da Philadelphia Phillies, Ben Chapman, baya ga wasiƙun barazana da hana shi masauki a wasu otal-otal.

Sakamakon kakar

Dodgers ta ci wasanni 94, ta sha kaye a 60, ta kuma lashe gasar National League a gaban St. Louis Cardinals. Robinson ya ci maki 125, aka ba shi lambar gwarzon sababbin 'yan wasa, wadda a shekarar aka fara bayarwa.

A wasannin ƙarshe na World Series, waɗanda a karon farko aka nuna a talabijin, New York Yankees ta yi galaba a kan Dodgers da wasa 4 da 3.

Abin da ya biyo baya

A watan Yulin shekarar Cleveland Indians ta ɗauki wani baƙar fatan, Larry Doby. Duk wannan ya faru ne shekaru bakwai kafin Kotun Ƙolin Amurka ta haramta wariya a makarantun gwamnati a 1954.

Dodgers ta ci kofin World Series a 1955, ta kuma koma Los Angeles a 1958. Robinson ya rasu a 1972, kuma a 1997 aka jingine lambar rigarsa, 42, a dukkan ƙungiyoyin gasar domin karrama shi.