Wang Jawjun: Tarihi da Tarihihi a Auren Sulhun Daular Han

A shekara ta 33 kafin Miladiyya (K.M.) aka fitar da wata mata mai suna Wang Ciyang daga fadar Sarki Yuwan na daular Han, a birnin Cang'an, aka aurar da ita ga Huhanye, sarkin Shiyungnu, watau makiyayan nan mahaya dawaki da ke zaune arewa da ƙasar Sin. An fi saninta da laƙabin Jawjun, wanda Sinawa kan rubuta Zhaojun da baƙaƙen boko. Abin da zai ja hankalin manazarci game da ita shi ne ƙarancin abin da tarihi ya adana a kanta, idan aka gwada da tulin abin da mawaƙa da marubuta suka ɗora mata daga baya.

Irin wannan aure ya samo asali ne daga shan kashi. A shekara ta 200 K.M. sarkin Shiyungnu mai suna Modu ya yi wa Sarki Gawzu, wanda ya kafa daular Han, ƙawanya a Baidang har kwana bakwai, da ƙyar ya kuɓuta. Bayan haka wani bafade, Liyu Jing, ya ba da shawarar a nemi sulhu ta hanyar surukuta. Aka riƙa aika wa sarakunan Shiyungnu mata daga zuriyar sarauta, tare da siliki da hatsi da giya kowace shekara. A gaskiya haraji ne, aka lulluɓe shi da sunan gara.

Amma a zamanin Jawjun reshe ya riga ya juye da mujiya. Yaƙe-yaƙen Sarki Wu sun karya lagon Shiyungnu, rikicin gadon sarauta kuma ya raba kawunansu. Tun a shekara ta 51 K.M. Huhanye ya zo ƙasar Han da kansa ya yi mubaya'a, yana neman ɗauki a kan ɗan'uwansa Jiji. Da rundunar Han ta kashe Jiji a 36 K.M., sai Huhanye ya sake dawowa, ya roƙi a ɗauke shi suruki. Don haka ba a ga dalilin ba shi gimbiya ba. Aka ba shi 'yar mutunci daga lardin da a yau ake kira Hubai, ɗaya daga cikin ɗimbin matan da ake tarawa a cikin gidan sarki suna jiran ranar da za a kira su turaka. Ya kamata a lura da wannan, domin sau da yawa akan jingina wa aurenta zaman lafiyar da aka samu a kan iyaka, alhali kuwa zaman lafiyar ya girme wa auren da shekara 18. Auren ya ƙarfafa shi ne kurum, ya kuma ci gaba har sai da Wang Mang ya ƙwace gadon mulki a shekara ta 9 Miladiyya, ya ƙasƙantar da darajar sarkin Shiyungnu.

Madogara mafi kusa da zamaninta ita ce Hanshu, tarihin daular Han na Ban Gu, wanda ya rasu a shekara ta 92 Miladiyya. Abin da ya faɗa bai wuce 'yan layuka ba. An naɗa ta sarauniya da laƙabin da ke nufin mai kwantar da hankalin mutanen arewa. Ta haifi ɗa namiji, Yitujiyashi. Huhanye ya rasu a 31 K.M., shekara biyu kacal da auren. Ɗansa Fujulai, wanda wata matar ta haifa, ya gaje shi, ya kuma aure ta, suka haifi 'ya'ya mata biyu. Ban Gu bai sa mata ko kalma ɗaya a baki ba.

Sai a ƙarni na 5, fiye da shekara 400 bayan auren, Fan Ye ya ƙara abu biyu a littafinsa Hou Hanshu. Na farko, wai ita ta nemi a tura ta, saboda takaicin shekarun da ta yi a fada ba ta taɓa ganin sarki ba. Da aka gabatar da ita ranar sallama, sarki ya ga kyanta ya so ya riƙe ta, amma ya ji nauyin saɓa alkawari. Wannan yana da ƙamshin hikaya. Na biyu shi ne wanda ya fi nauyi: da mijinta ya rasu, ta rubuta wa fadar Han tana roƙon a bar ta ta koma gida, Sarki Ceng ya umarce ta da ta bi al'adar mutanen da take cikinsu.

A nan ne ainihin al'amarin yake. Ga Shiyungnu, magaji ya auri matan ubansa, ban da mahaifiyarsa, hanya ce ta hana gwauruwa da 'ya'yanta da dabbobinta fita daga zuriya. Ga Basine wanda ya tashi bisa koyarwar Kwanfushiyas kuwa, abin ƙyama ne wanda ba ya ko faɗuwa. Duk da haka fadar da ke kafa hujja da wannan al'ada wajen kiran Shiyungnu jahilai, ita ce ta tilasta wa 'yarta bin ta. Dalili a fili yake: da gadon sarauta aka ƙulla auren, ba da mutumin da ke kansa ba, saboda haka mutuwar miji ba ta warware shi.

Marubutan baya ba su iya haɗiye wannan ba, sai kowa ya gyara labarin. Littafin Qin Cao ya mai da magajin ɗan cikinta, ya ce ta sha guba don kada ta aure shi. Littafin Xijing Zaji ya kawo labarin masu zane: sarki kan zaɓi mata ne ta hanyar duba hotunansu, kowace kan ba mai zane toshi, Jawjun ta ƙi, shi ya sa ba a taɓa kiranta ba, da gaskiya ta bayyana aka kashe masu zanen, cikinsu har da Maw Yanshu. Ba abin mamaki ba ne da wannan tarihihi ya sami karɓuwa wurin malaman Sin, domin duk masanin da aka hana muƙami saboda makircin fadawa yana ganin kansa a jikinta. A ƙarƙashin mulkin Mongol, Ma Jiyuwan ya rubuta wasan kwaikwayon da ya juya tarihin gaba ɗaya: Han ce mai rauni, sarki na ƙaunarta, an ƙwace ta da barazanar yaƙi, ita kuwa ta faɗa kogi a kan iyaka. Mai kallo na wancan zamani ya san wace daula ake yi wa makoki. A 1978 kuma Tsaw Yu ya fito da ita tana tafiya arewa da son ranta, alamar haɗin kan ƙabilun ƙasar Sin, kamar yadda hukuma ke bukata a lokacin.

Tarihi dai bai ambaci shekarar rasuwarta ba. Mijinta na biyu ya rasu a 20 K.M., daga nan sai labarin 'ya'yanta. Babbar 'yarta, Yun, an kai ta Cang'an a zamanin Wang Mang ta yi wa uwar gidan sarauta hidima, daga baya ita da mijinta suka yi ta ƙoƙarin gyara tsakanin ƙasashen biyu. Ɗanta Yitujiyashi kuwa yana kan layin gado, sai ɗan ubansa da ke kan mulki ya kashe shi don ya share wa nasa ɗan hanya. Wannan kisa na daga cikin abubuwan da suka haddasa rabuwar Shiyungnu gida biyu, kudu da arewa, a shekara ta 48 Miladiyya. Kudu da birnin Hohhot, a Mongoliya ta Gida, akwai wani tudu da ake kira Koren Kabari, wanda ake jingina mata, ko da yake akwai wasu tuddan a yankin da su ma ake cewa a nan aka binne ta.