Ƙwan Kaza, Dafin Maciji da Rayuwar Jijiya

Duk sa'ad da na karanta tarihin binciken jijiyoyi, ɗaki ɗaya ne ke tsaya mini a rai: ɗakin kwanan Rita Levi-Montalcini a birnin Turin na Italiya. Dokokin wariya da gwamnatin Mussolini ta kafa a 1938 sun hana Yahudawa aikin jami'a, sai wannan likita ta mayar da ɗakinta wurin bincike, tana fasa ƙwan kaza, tana duba tsakon da bai gama halitta ba.

Abin da ya ɗauki hankalinta shi ne wani rahoto na Viktor Hamburger na 1934. Ya lura cewa idan aka cire tohon fiffiken tsako, curin ƙwayoyin jijiyar ji da ke gefen laka yakan ƙanƙance, ya kuma ɗauka cewa rashin fiffiken ne ya hana ƙwayoyin samuwa. Ita kuwa da ta bi su da ƙirga kwana bayan kwana, sai ta ga suna samuwa lafiya lau, suna miƙa zarensu, sannan su mutu. Ashe wani abin riƙe rai suke nema a inda zaren ya dosa.

Hamburger bai yi fushi da gyaran ba. Ya gayyace ta Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka, ta isa a 1947. A 1952, a Rio de Janeiro, ta ajiye curin jijiya kusa da tsokar ƙarin ɓera, zaruruwa suka fito kewaye da shi kamar hasken rana. Bayan haka Stanley Cohen ya zuba dafin maciji don ya tantance irin sinadarin, sai ga dafin kansa cike da shi. Daga nan aka gano shi jingim a inda ɓera ke samar da yawu: furotin ne, aka raɗa masa suna sinadarin girman jijiya.

Fata da sauran gaɓoɓi kan samar da shi kaɗan kaɗan. Bakin zaren jijiya ya ɗauka ya kai wa uwar ƙwayar. Wadda ta samu ta rayu, wadda ta rasa ta mutu. Ƙwayoyin jin zafi da ciwo sun dogara da shi ƙwarai, shi ya sa yaron da aka haifa da lahani a makarɓar sinadarin ba ya jin ciwo ko ya ƙone.

A 1986 aka ba Levi-Montalcini da Cohen kyautar Nobel. Hamburger, wanda tambayar ta faro daga hannunsa, ba a sa sunansa ba, kuma har yau ban gamsu da hakan ba.