Cittarmu a tukunyar Bature: tarihin giyar Kirsimeti da ake dafawa a gida

Yau zan ɗan kauce daga labaran zaman Ikko da na saba kawo muku, ko da yake abin ma a nan ya faro, a rumfar kayan yaji da na gada daga mahaifina a kasuwar Mile 12. Bari in faɗa tun farko, ni ba na shan giya, ban taɓa ɗanɗana ta ba, kuma ba tallarta na zo yi ba. Tarihi ne ya ja ni.

Wani watan Nuwamba, shekaru da dama da suka wuce, wani Bature ya shigo layinmu da direbansa, yana riƙe da 'yar takarda. Ya sayi kirfa da kanumfari da gyaɗar ƙamshi da citta mai yatsu, sannan ya nuna mini wani suna da ban gane ba. Direban ya duba ya ce ai ataare yake nema, wato citta mai ƙwaya. Bayan ya biya na ƙulla masa, sai na ce, "Oga, miya za a yi ko shayi?" Ya yi dariya ya ce giyar Kirsimeti zai dafa a gidansa, yadda kakansa yake yi a ƙauyensu a yammacin ƙasar Norwe, sai dai kakan da rassan wani itacen dajinsu yake dafa tasa, shi kuwa ina zai same shi a Ikko? Shi ya sa ya ari dabarar Ingilishi ta zuba kayan ƙamshi. Ya tafi ya bar ni da tambaya biyu. Ta farko ta addini ce, zan dawo kanta. Ta biyu ita ce, yaya aka yi mutumin ƙasar ƙanƙara ya san cittar da ke fitowa a kurmin Afirka ta Yamma?

Abin da ya fara ba ni mamaki da na shiga karatu shi ne, a Norwe akwai zamanin da rashin dafa wannan giya laifi ne. Kafin Kiristanci ya isa can, mutanen suna da bikin tsakiyar hunturu da suke kira Jul, lokacin da dare ya fi tsawo, rana ba ta jimawa ta faɗi. Sarkinsu Hakon, wanda ya yi mulki a ƙarni na 10, ya tashi ne a fadar Sarki Atelstan na Ingila, a can ya zama Kirista. Snorri Sturluson, marubucin tarihi ɗan Aisland, ya ba da labari a wajen shekarar 1230 cewa Hakon ya kafa doka a riƙa fara Jul a lokacin da Kiristoci ke Kirsimeti, kuma kowane magidanci ya dafa giya ta wani ma'auni na tsiron hatsi ko ya biya tara, a ci gaba da biki har sai giyar ta ƙare. Wayon sarkin a fili yake. Ya san ba zai iya raba mutane da bikinsu ba, sai ya bar musu tukunyar ya sauya musu ranar.

Dokar Gulating, wadda ta yi aiki a yammacin ƙasar bayan haka, ta fi tsanani. Miji da mata za su dafa, a sa wa giyar albarka a daren Kirsimeti da sunan Almasihu da Maryamu, ana roƙon shekara mai yalwa da zaman lafiya. Wanda bai yi ba zai biya bishop tara. Wanda ya jera hunturu 3 bai yi ba, an ƙwace dukiyarsa kenan, rabi ga sarki rabi ga bishop, in kuma ya ƙi tuba a kore shi daga ƙasar. Na karanta wa maƙwabcina mai sayar da barkono wannan, ya ce lallai duniya da faɗi take.

Yadda manoman suke dafa ta bai yi nisa da abin da duk wanda ya zauna a Jos ko kudancin Kaduna ya sani game da burkutu ba, illa su da sha'ir suke yi maimakon dawa. A jiƙa hatsi har ya yi tsiro, a busar, a niƙa, a dama da ruwan zafi domin garin ya saki zaƙinsa, a tace, a bari ya huce, sannan a zuba yis. Ruwan da suke damawa da shi kuwa sai an tafasa rassan itacen nan a ciki, wani ɗan itace mai ganye kamar allura da suke kira einer, su kuma shimfiɗa rassan a gindin mazubi su zama matata. A nan babu kirfa babu kanumfari. Talakan manomi a bakin dutse ina ya ga kuɗin su?

Abin da ya fi burge ni shi ne yis ɗin. Suna kiransa kveik, kuma gidaje da yawa suna da nasu da suka gada kaka da kakanni. Sukan saƙa wani zobe da ƙananan guntayen katako, babu ƙusa ko ɗaya, su tsoma shi a cikin kumfar giyar, su rataye ya bushe, sai an tashi wata dahuwar a sake tsoma shi. In na wani gida ya lalace sai a je maƙwabta a roƙo, kamar yadda matanmu suke roƙon tsamin nono. Yis na kanti ya fi son sanyin digiri 18 zuwa 20 kuma yana ɗaukar mako ko fiye, shi kuwa wannan yana aiki a zafin digiri 35 har 40 ya gama cikin kwana 2 ko 3. Har masana giya na biranen Norwe ba su san da zamansa sosai ba, sai da wani mai bincike, Lars Marius Garshol, ya shiga ƙauyukan Voss a 2014 ya yi ta rubutu a kai. Abokin cinikina da shi yake aiki, domin zafin Ikko da rashin wutar lantarki ba sa damun wannan yis ko kaɗan.

To kayan ƙamshin fa? Wannan hanyar Ingila ce. A can al'adar ita ce a ɗumama giya a daren Kirsimeti da kwanakin da ke biye, a zuba sukari da citta mai yatsu da gyaɗar ƙamshi da gasasshiyar tuffa, a juye a babbar akushi a riƙa yawo da ita gida gida ana yi wa juna fatan lafiya. Wassail suke kiranta. Majalisar dokokin ƙasar ta soke bikin Kirsimeti gaba ɗaya a 1647, masu tsananin addini na lokacin suna ganin maye da shashanci sun yi yawa a ciki, bai dawo ba sai da sarauta ta dawo a 1660.

Citta mai ƙwaya ta riga wannan zamani isa Turai. Tun ƙarni na 13 ayarin raƙuma ke ƙetare Sahara da ita zuwa gaɓar Bahar Rum, 'yan kasuwar can suka laƙaba mata suna ƙwayar aljanna, domin masu saye ba su san inda take fitowa ba, kuma sunan yana ƙara kuɗi. Wannan dabarar ko a Mile 12 ba baƙuwa ba ce. A ƙarni na 15 mutanen Fotugal suka iso ta teku suka fara kwasa kai tsaye, har gaɓar da ke Laberiya ta yau ta samu sunanta a taswirorin Turawa daga wannan ƙwaya. Da barkonon Indiya ya wadata a Turai sai darajarta ta faɗi a kicin, ta koma hannun masu giya.

A nan ne sunanta ya ɓaci. Masu dafa giyar sayarwa a Ingila sun gano cewa in sun rage tsiro suka ƙara ruwa, suka zuba citta, zafinta a maƙogwaro zai sa mai sha ya ɗauka giyar mai ƙarfi ce. Gwamnati kuwa a kan tsiron take karɓar haraji, saboda haka algus ɗin ya taɓa aljihunta. A 1816 aka yi doka, mai giyar da aka kama da citta mai ƙwaya zai biya fam 200, mai kantin maganin da ya sayar masa kuma fam 500. Ku lura, tarar mai sayarwa ta ninka ta mai dafawa fiye da sau biyu. Da na zo wurin nan sai da na ajiye takardar na yi shiru, domin ni ne mai kantin.

Sauran tarihin na haraji ne da lasisi, ba zan ja shi ba. Daga 1880 ɗan Ingila ba ya dafa giya a gida sai da lasisi, har 1963 da ministan kuɗi Reginald Maudling ya soke shi. A Amurka an hana giya gaba ɗaya daga 1920 zuwa 1933, kuma ko da aka ɗage hanin, ta gida ba ta halatta ba sai da Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a wata doka a Oktoban 1978, wadda ta ba kowane baligi damar dafa galan 100 a shekara. Jihohin Alabama da Misisipi ba su bi sahu ba sai 2013. Ita kanta Norwe, da ta taɓa korar mutum daga ƙasa don bai dafa ba, ta zo ta hana dafawa a gida sai ga wanda ya tsirar da hatsinsa da kansa, ba a cire wannan sharaɗi ba sai 1999. Masu dafawa don sha'awa na waɗannan shekarun, musamman na Amurka, su ne suka tono tsofaffin girke-girke suka mayar da kirfa da citta cikin tukunya, suka mai da ita al'adar ƙarshen shekara. Abin da Baturen nan yake dafawa a Ikko gamin gambiza ne: yis ɗin kakansa, kayan ƙamshin Ingilishi, da cittar kurminmu.

Saura tambayar farko. Na kai ta wurin limamin masallacinmu na kasuwa, na ce, "Allah gafarta Malam, na sayar ban sani ba, sai daga baya ya faɗa." Ya ce wanda ya wuce babu komai a kaina tunda ban sani ba, amma malamai sun hana sayar da inabi ga wanda ka tabbata giya zai matsa da shi, kuma yanzu na sani. Na so in yi musu cewa citta ba ta sa maye, ƙamshi kawai take bayarwa, ya ce in je in yi tunani ko don me mutumin yake sayenta.

Da Nuwamba ta zagayo ya dawo da takardarsa. Gaskiya na ji nauyi, domin mutum ne mai kirki, ba ya taya kaya, kuma cinikinsa na rana ɗaya ya kai na mako. Na ba shi kujera, na gaya masa dalilina ba tare da kwana-kwana ba. Ya saurara har na gama, ya ce kakarsa ta wajen uwa ma haka take, 'yar wata ɗarikar Kirista ce da ba ta yarda digon giya ya shiga gidanta ba, kuma har ta mutu ba ta taɓa aron tukunya ga surukinta mai dafawa ba. Muka yi hira kan Hakon da dokar 1816, wadda shi ma bai taɓa jin labarinta ba, sannan ya tashi ya shiga layi na gaba inda 'yan'uwanmu Yarbawa ke da ataare buhu buhu.

Bai daina biyowa mu gaisa ba har aikinsa ya ƙare. Ranar da ya zo sallama ya kawo mini zoben katakon nan, sabo fil, ya ce shi ya saƙa da hannunsa kuma bai taɓa shiga giya ba. Yana nan rataye a ƙusa a saman ma'aunina. Masu saye da yawa sun ɗauka laya ce ta kasuwa, har wata mata ta taɓa tambayata wane malami ne ya yi mini.