Daga Karofi Zuwa Na'urar Fesa Tawada

Tun kafin Alƙalawa ta faɗi a hannun masu jihadi a shekarar 1808, har zuwa zamanin da Gobirawa suka sake kafuwa a Tsibiri, daga bisani Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni a bakin gulbin Rima, mutanen wannan yanki, duk da yaƙi da ƙaura da suka sha, ba su rabu da kaɗa ba. Mata su gurje ta, su kaɗa zare da mazari, masaƙi ya fitar da sawaye, sa'an nan a miƙa wa marini, wanda a hannunsa farin zane yake samun daraja.

Hikimar marini kuwa ta cancanci a tsaya a kanta, domin shunin da ke cikin ganyen baba ba ya narkewa a ruwa, sai an haɗa shi da toka a karofi, an bar shi kwanaki ana motsawa har ya nuna. Idan aka tsoma zane aka tsamo, za a gan shi kore-kore, amma da iska ta buge shi sai ya rikiɗe baƙi, saboda shunin ya koma halinsa na asali alhali yana cikin zaren, ruwa ba ya iya fitar da shi da sauƙi. Adon ɗauri ma daga nan ya samu, wato a ƙuƙƙulle wurare da zare, rini ya hanu ga shigarsu. Turkuɗi mai sheƙi, wanda Buzayen Azbin ke naɗawa, yawancinsa daga Kura ta ƙasar Kano yake fitowa, kuma Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta cinikin tufafinta da wuri miliyan 300 a shekara.

Sai atamfa ta zo, wadda inji ke buga mata ado a Mancesta da kuma Helmond ta ƙasar Holan, inda kamfanin Vlisco ya samo asali tun 1846. Da jirgin ƙasa ya iso Kauran Namoda a 1929, hanya ta buɗe zuwa kasuwar Shinkafi, maƙwabciyar Isa. Masaƙar Kaduna ta soma aiki a 1957, masaƙar UNTL ta biyo a 1964, ta rufe a 2007 bayan atamfar Sin ta cika kasuwar Kantin Kwari ta Kano. A ganina babbar hasarar da aka yi ita ce, zaɓin ado ya fita daga hannun mai sana'a na gari, ya koma ga kamfanin da bai san mai ɗaurawa ba.

Na'urar buga takardu mai fesa tawada, wadda HP da Canon suka fitar kasuwa wajen tsakiyar shekarun 1980, ita ta maido da wannan zaɓi cikin gida. Akan wanke ƙyallen kaɗa domin sitati ya fita, a manna shi da dutsen guga a kan takarda mai kakin roba don ya yi ƙarfi, a zura shi kamar takarda. Sai dai mas'alar da marini ya warware tun zamanin kakanni ta sake tasowa, domin tawadar da ke narkewa a ruwa takan zuba a wankin farko. Tawada mai ƙwayoyin launi ita ta fi kamawa, musamman idan an bi ta da guga mai zafi, kuma faɗin bugun bai wuce na takarda ba, balle a yi zancen yadi shida.

Saboda haka samarin Sabon Birni da Isa masu sha'awar wannan sana'a, kada ɗayansu ya karɓi kuɗin mutum sai ya buga ƙyalle ya wanke shi da sabulu ya shanya a rana, domin sayar da abin da zai zuba ba tare da bayyana aibinsa ba algus ne, shari'a kuwa ta hana.