Iya Ruwa Fidda Kai: Jagorar Koyon Iyo a Yankin Bakolori

Iyo, ko ninkaya, shi ne iya riƙe jiki a saman ruwa da tafiya a cikinsa ba tare da ƙafa ta taɓa ƙasa ba. A garuruwan bakin teku, wasa ne da ake biyan kuɗi a koya. A Talata Mafara da Bakura da Maradun kuwa, inda noma da su da zuwa kasuwa duk suke ratsawa ta ruwa, sau da yawa shi ne ke raba wanda zai koma gida da wanda za a kwana ana nema a gulbi.

Ruwan da ya zo ya tarar da mutane

An gina madatsar Bakolori a kan Kogin Sakkwato tsakanin 1974 da 1978, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin. Tafkin da ta tara yana ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, ya mamaye hekta kusan 8,000, ya miƙa kilomita 19 a bayan bangon madatsar. Daga nan manyan magudanai suke kai ruwa gonakin shinkafa da alkama da kayan lambu a ƙananan hukumomin uku.

Ruwan ya shanye gonaki da ƙauyuka, rikicin diyya kuma ya kai ga abin da ya faru ranar 28 ga Afrilu, 1980, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wa manoma masu zanga-zanga wuta. Hukuma ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu. Masu bincike sun kai adadin sama da 380. Wani sauyi da ba a cika ambata ba shi ne cewa manoman da suka saba da kogi mai cika da damina ya janye da rani, sun wayi gari da ruwa mai zurfi wanda ba ya ƙafewa, a bakin gonakinsu da hanyoyin 'ya'yansu.

Gadon da ake da shi

Ilimin ruwa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Sarkawa sun gaji su da fito kaka da kakanni, ƙarƙashin jagorancin Sarkin Ruwa. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a 2016, akwai wasannin Kabanci: gasar iyo, nutso, tseren kwale-kwale da kamun agwagwar ruwa. Masunci yakan kwanta rub da ciki a kan gora, yana tuƙi da hannu da ƙafa, homa na gefensa.

Wanda ya taɓa ganin matasan Tarkwa Bay a Legas ko na tsibirin Ngor a Dakar suna hawan igiyar teku, zai gane wannan kwanciya. Mai koyon wannan wasa, wanda ya shiga gasar Olamfik a karon farko a Tokyo a 2021, yana farawa ne da kwanciya a kan allo da tuƙi da hannu, kafin ya koyi miƙewa tsaye. Kuma malamin kirki ba ya miƙa allo ga wanda bai iya iyo ba. Darasin farko iri ɗaya ne a teku da tafki. Bambancin shi ne a nan gadon ya tsaya a gidajen masunta, alhali ɗan manomi da mai talla da ɗalibi su ne suka fi cika kwale-kwale.

Girman matsalar

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta fitar a Disamban 2024 ya ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma idan aka auna da yawan jama'a, yankin Afirka ne ke kan gaba. Arewa maso yammacin Najeriya ta san wannan da idonta. A Nuwamban 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, akasarin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne. A Satumban 2024 kwale-kwalen da ya ɗauko manoma zuwa gona ya kife a Gummi, a nan Zamfara, gomman mutane suka salwanta. A Agustan 2025 aka sake ganin irin haka a Goronyo ta Jihar Sakkwato, da masu zuwa kasuwa.

Matakan koyo

Na farko, wuri. A zaɓi inda ruwa bai wuce ƙugu ba, ƙasansa a shimfiɗe, babu gudu. Na biyu, malami: babba wanda ya ƙware, yana cikin ruwan, hannunsa na iya kai wa ga mai koyo. Aboki mai cewa "faɗo kawai, za ka iya" ba malami ba ne.

Na uku, numfashi. A koyi shaƙar iska ta baki, a tsoma fuska, a fitar da iskar a hankali cikin ruwa. Tsoro ne ke fara kashe mutum kafin ruwa. Na huɗu, kwanciya rigingine: kai a baya, kunnuwa cikin ruwa, ƙirji a sama, hannuwa a buɗe. Wanda ya iya wannan zai iya hutawa ya jira ceto. Sai na biyar, bugun ƙafa da jan hannu, da tsayuwa wuri ɗaya a ruwa mai zurfi.

Akwai ma'auni mai sauƙi. Shirin SwimSafe na Bangaladesh, wanda ke koyar da yara a kududdufan ƙauye cikin shingen gora, yana ɗaukar yaro ya kammala idan ya yi iyon mita 25 kuma ya riƙe kansa a saman ruwa daƙiƙa 30. WHO na ba da shawarar fara irin wannan darasi daga shekara shida. Ƙananan yara kuwa, tsaronsu shi ne idon babba da shinge.

Haɗurran da suka keɓanta da yankin

Tafki yana yaudara da kwanciyarsa. Taku biyu daga inda ruwa ke gwiwa, ƙasa na iya zarcewa rami, kuma kututtura da tsofaffin koma suna riƙe ƙafa. Kusa da bangon madatsa da ƙofofin sakin ruwa akwai ja mai ƙarfi wanda ko gwani ba ya iya masa. Magudanan siminti sun fi kowanne haɗari ga yara: gefensu a karkace yake, gansakuka ta sa shi santsi, wanda ya zame ba ya samun abin kamawa. A Agusta da Satumba kogi kan cika ya yi gudu, ba lokacin koyo ba ne.

Sai tsargiya, cutar da ke sa fitsarin jini. Ƙwayarta tana fitowa daga ƙananan dodon koɗi masu zama a ruwa maras gudu, ta shiga ta fata. Tana da magani, praziquantel; duk wanda ya ga jini a fitsari ya nufi asibiti.

Idan wani ya faɗa

Mai nutsewa ba kasafai yake ihu ba. Bakinsa na neman iska ne. Kada wanda bai ƙware ba ya bi shi, domin ruɗaɗɗe yakan danne mai cetonsa. A miƙa masa doguwar sanda, ko a jefa igiya, ko jarkar da babu komai ciki an ɗaure murfinta. Idan an fito da shi ba ya numfashi, a kwantar da shi, a hura masa iska baki da baki, a riƙa danna tsakiyar ƙirji, a nemi ma'aikacin lafiya. Juya mutum kai ƙasa ko matsa masa ciki ɓata lokaci ne. Ko ya farfaɗo, a kai shi asibiti.

Nauyin wa?

Iya iyo ba ya wanke hukuma. Gwani ma yakan gaji a tsakiyar tafki, shi ya sa rigar kariya ta zama dole. Ƙa'idojin Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, NIWA, sun wajabta sanya ta, sun kuma hana lodi fiye da kima da tafiyar dare. Madatsar da magudananta suna hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Makarantun firamare kuwa na jiha da ƙananan hukumomi ne. Matsalar tsaro ta ƙara nauyin, domin inda hanyar mota ta zama abin tsoro, jama'a kan koma ruwa cikin gaggawa.

Saboda haka akwai tambayoyin da matashi zai iya yi wa kansila ko ɗan majalisarsa. Riguna nawa ke mashigin garinmu, kuma a hannun wa suke? Wa ke ƙirga fasinja kafin jirgi ya tashi? Ina alamun gargaɗi da matakalan fita a magudanai? Me zai hana a ɗauki Sarkawa su koyar da 'yan firamare, a kuma horar da mata su koyar da 'yan mata a keɓantaccen wuri, tun da su ma suna wanki da ɗiban ruwa da shiga jirgi?

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli, tun 2021, a matsayin ranar yaƙi da nutsewa. A Bakolori ranar tana faɗowa ne makonni kaɗan kafin kogi ya kai maƙura. Lokacin yin waɗannan tambayoyi ke nan, tun ruwa bai kai wuya ba.