Tarihin Keke Tsakanin Birnin Kano da Karkarar Kudu

Keke ya bazu a ƙasar Kano ne a zamanin mulkin mallaka, bayan jirgin ƙasa ya iso birnin a 1911 kuma cinikin gyaɗa ya sanya kuɗi a hannun manoma. Ya tarar da ƙasa mai ganuwa. Badalar Kano, wadda aka fara a zamanin Sarki Gijimasu (1095–1134), Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya faɗaɗa ta, ita ce babba, amma garuruwan kudu ma suna da tasu. A Bebeji sai da sojojin Ingila suka fasa ƙofar gari da igwa a 1903 kafin su wuce su ci Kano. A wancan lokaci mai zuwa Kasuwar Kurmi daga Kiru ko Tudun Wada da ƙafa yake tafiya, ko ya koro jaki, ya kwana a hanya. Keke ne abin hawa na farko da talaka ya iya mallaka wanda ya rage masa wannan nisa, shi ya sa aka yi masa laƙabi da dokin ƙarfe. Malamin makaranta da ɗan kasuwar ƙauye da masinjan hakimi duk sun hau Raleigh da Hercules, daga baya Phoenix ta ƙasar Sin ta shigo da araha.

Ana iya cewa jirgi da babbar mota ne suka haɗa birni da karkara, ba keke ba. Gaskiya ne su suka ɗauki kaya masu nauyi, sai dai jirgi ba ya barin dogo, mota kuma inda hanya ta ƙare nan take tsayawa. Daga Kwanar Ɗangora zuwa ƙauyukan ciki, ko daga Doguwa zuwa rugagen bakin dajin Falgore, turba ce da burtali, kuma da damina keke kaɗai ake iya turawa a laka ko a saɓa a kafaɗa a haye rafi. Bayan an gama madatsar Tiga a 1974, noman rani ya ƙara wa keke aiki: a ɗaure kwandon tumatir ko buhun masara a kariya da igiyar roba, mai shi ya riƙe kan keken yana turawa har bakin kwalta. Gyaransa ma ba ya wuce ƙarfin ƙauye. Mai faci a gindin bishiya, da kwanon ruwa yana neman inda kumfa ke fita, ya isa.

Wasu kuma na ganin babur ya riga ya binne keke. Ya rage masa daraja, babu shakka, har hawansa ya zama alamar rashi. Amma da gwamnatin Kano ta hana acaɓa a birni a 2013, da kuma aka janye tallafin fetur a 2023, mutane da yawa sun kakkaɓe wa tsofaffin kekunansu ƙura, domin keke ba ya shan mai.

A birnin Lukka na Italiya an mayar da saman ganuwa hanyar shaƙatawa, baƙi na hayar keke su kewaye ta. A Kano badala tana zaizayewa, keken kuwa bai taɓa zama na yawon buɗe ido ba. Kayan neman abinci ne, har yau da shi ɗalibi ke zuwa makaranta, manomi ke kai taki gona.