Matsakaicin nauyin aikin kwamfuta da yadda manhaja ke karanta shi

Matsakaicin nauyin aiki ma'auni ne da ke nuna yawan ayyukan da furosesa ke gudanarwa tare da waɗanda ke jiran layi a kwamfutoci masu amfani da Linux da sauran dangin Unix. Manyan kwamfutocin bankuna da ma'aikatu, masu kula da biyan albashi da tura kuɗi, suna fara tafiyar hawainiya idan layin ya yi tsawo. Saboda haka ake rubuta 'yar gajeriyar manhaja ta riƙa duba ma'aunin dare da rana, ta kuma yi gargaɗi kafin aiki ya tsaya.

Alƙaluman guda uku ne: na minti 1, na minti 5 da na minti 15. Linux yana sabunta su kusan kowace daƙiƙa 5. Idan na farko ya zarce na uku, nauyi yana ƙaruwa. Idan ya gaza shi, ana samun sauƙi.

Hanya mafi sauƙi ita ce karanta fayil ɗin /proc/loadavg, mai layi ɗaya da gurabe biyar. Ukun farko su ne alƙaluman, na huɗu yana nuna ayyukan da suka shirya gudana bisa jimillarsu, na biyar kuma lambar aikin da aka buɗe na ƙarshe. A Python akwai os.getloadavg(), a PHP sys_getloadavg(), a harshen C kuma getloadavg(). FreeBSD da macOS suna bayar da su ta umarnin sysctl vm.loadavg. Umarnin uptime ma yana nuna su, amma an tsara shi domin idon mutum, kuma waƙafi yana iya maye gurbin ɗigo idan an sauya harshen na'urar.

Lambar ba ta da ma'ana sai an gwada ta da yawan ƙwayoyin furosesa, wanda umarnin nproc ke faɗa. Nauyin 4.00 a na'ura mai ƙwaya 4 cika ne daidai, amma a mai ƙwaya 1 cunkoso ne. Bash ba ya kwatanta lambobi masu ɗigo, don haka ake haɗa shi da awk ko bc.

Tun 1993 Linux yana ƙirga ayyukan da ke jiran faifan ajiya a cikin nauyin. Lamba mai yawa tana iya nufin faifan ne ya gaza, furosesa kuwa yana zaune. Ya kamata a tantance wannan kafin a kashe kuɗi wajen sayen sabuwar na'ura.